Muryar Malam a Cikin Kwamfuta

Mijina ya rasu ana tsakiyar dashen albasa. Ya bar ni da ɗiya guda mai shekara biyu, da kwamfuta a kusurwar ɗaki.

Shagon buga takardu gare shi a Jega Sabon Gari. Da keken rubutu ya fara, tun ba a ba mu jiha ba, sai bayan shekaru ya sayi kwamfutar a hannun wani mai kawo tsofaffin kaya daga kudu. Da tsufanta ta shigo gari. Tsarin da ke tafiyar da ita ma tsoho ne, masu shaguna a Birnin Kebbi sun daɗe da barinsa. Ni malamar firamare ce. Shi ya koya mini bugu da yatsu goma, yana tsaye a bayana yana cewa in daina kallon hannuna. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, hannuwansa suka fara rawa, sai wansa ya ɗauko kwamfutar a baro ya kawo ta gida. Mutane ba su daina zuwa ba, domin ba injin suke bi ba, iya tsara maganarsa suke bi. Mai neman aiki, mai ƙorafin iyakar gona, mai ta'aziyya, duk zaure suke samunsa. Yakan saurare su, ya dawo ɗaki a hankali, ya zauna gaban wani ɗan makirfo da ya zo tare da kwamfutar, ya faɗi wasiƙar da baki. Abin ɗaukar muryar minti ɗaya kawai yake ɗauka, don haka wasiƙa guda takan zo gunduwa uku ko huɗu. Idan na dawo daga makaranta sai in buɗe wata jaka da ya yi a kan allo, wadda ya sa wa suna Malama, in danna gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya, in saurara, in buga.

Ba wasiƙa kaɗai ke ciki ba. Yakan fara da zuwa ga mai girma wane, sai ya tsaya ya ce, “Malama, shafe mai girma, wanga mutum bai kai ba.” Wani lokaci a ji tarinsa, ko kukan ɗiyar, ko mai tallan fura a bakin ƙofa. Akwai inda ya katse wasiƙar wani dillalin albasa don ya gaya mini gishirin miyar jiya ya yi yawa, kuma ba ya son faɗi a gaban idona. Akwai kuma maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Wata bakwai muka yi a haka, kuma bai taɓa shafe ko guda ba. Ɗabi'ar masu keken rubutu ce, ba sa jefar da kwafi.

Na shiga takaba. Yayarsa ta zo daga Fagada ta zauna da ni. Goggo muke ce mata saboda yara. Ita ma ta yi takabarta shekaru da suka wuce, ta san yadda ake yi, kuma ba ta yarda a rage komai daga ciki ba. Na rufe kwamfutar da zane. Na yanke wa kaina cewa ba zan saurari muryar ba sai na fita. Ba malami ne ya ce mini haka ba, ba kuma Goggo ba. Na dai san inda take, na san ɗiyar za ta girma ta nemi jin yadda ubanta yake magana, wannan ya ishe ni a lokacin.

Ina cikin wata na uku wansa ya zo. Yaya nake ce masa kamar yadda Malam yake ce masa. Ya tsaya a bayan labule ya gaishe ni, sannan ya ce ya samo aikin buga takardun jarrabawa na wasu makarantu a wajen Maiyama, har da ta Giwa Tazo, ya kuma samu wani tsohon akawu da zai zauna a shagon. Shagon ne abincinmu, ni da shi duka. Ya ce in kunna kwamfutar a ga lafiyarta.

Da aka kawo wuta na kunna. Goggo ta ɗora ruwan zafi ya tafasa, ta dama wa ɗiyar koko, allon bai gama buɗewa ba. Cikin akwatin kwamfutar sai ƙara yake kamar ana niƙa tsakuwa. Na danna wajen rubutu, na jira, na buga layi guda, haruffan suka fito bayan na ɗauke hannu. Da ma tana da nauyi a watannin ƙarshe, amma mun saba, muna jiranta kamar yadda ake jiran tsoho ya gama alwala.

Yaya ya ce akwai mai gyara a Aliero, zai kai masa ita ya share komai ya sake zuba tsarin, rana ɗaya an gama. Na ce a'a. Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Na gaya masa muryar ƙaninsa tana ciki, kuma ba na son baƙo ya ji ta. Daga baya ya ce to, zai kawo mai gyaran har gida, ni in yi aikin da hannuna.

Mai gyaran ya zo da hantsi a kan mashin. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, shi da Yaya. Ni ina ɗaki, tsakaninmu tsakar gida da katanga biyu. A gidanmu mai takaba ba ta magana da baƙon namiji, ko ta bayan ƙofa. Na ji daga baya wasu malamai na cewa babu laifi idan da lalura, amma a lokacin babu wanda ya tayar da zancen, ni ma ban tayar ba. Goggo ce ta zama 'yar aike. Ba ta karatun boko, don haka sai ya riƙa yago takarda daga littafin rubutu, ya rubuta abin da zan yi, ya zana hoton abin da zan gani, ta kawo. Amsata kuma da baki take kai masa.

Ta miƙo mini takarda ta farko tana cewa rubutun mutumin kamar kiyashi sun faɗa tawada sun fito. Ta ce kuma ya sha furar da aka kai masa har ya kwankwaɗe ƙwaryar, ko a Aliero albasa kaɗai suke ci.

Aikin farko mai sauƙi ne. Na cire hoton gulbi da jiragen kwale-kwale da Malam ya sa a bayan allo. Na kashe kifayen da ke yawo a allo idan an bar ta ba aiki. Na bi wasu ƙananan abubuwa da ke tashi tare da ita a kusa da agogon da ke kusurwar allo, na hana su tashi. Na share tarkacen da ita kanta take tarawa tana mantawa da su. Na kashe na kunna. Ta ɗan yi dama, ba sosai ba.

Sai ya aiko in buɗe wani wuri inda zan ga da'ira mai launi biyu, in gaya masa wanne ya fi yawa. Na ce shuɗi ya cinye duka, ɗayan launin bai wuce yankan farce ba. Goggo ta tafi ta dawo. Ta ce ya ce matsalar ke nan, cikin kwamfutar ya cika, kamar ɗakin da aka jera wa buhuna har bakin ƙofa, mai ɗakin ba shi da inda zai juya. Ya ce murya abu ce mai nauyi, ta fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, kuma idan ba a fitar da ita ba babu dabarar da za ta yi aiki.

Yaya ya riga ya sayo kwalin ƙananan faifai guda goma, irin baƙaƙen nan masu kusurwa huɗu da ake turawa ta gaban akwatin. Goggo ta kawo su tare da takarda mai tsawo. A ciki mai gyaran ya rubuta yadda zan kwashe muryoyin in zuba a faifan. Ya rubuta cewa ba lallai su shiga ba. Idan suka ƙi, in tsaya, kada in shafe komai, zai aro wani inji daga Sakkwato mai zubawa a babban faifai, amma hakan zai ɗauki kamar mako biyu. A ƙasa ya ja layi ya rubuta in gwada kafin in shafe.

Na tambayi Goggo me Yaya ya ce game da mako biyun. Ta ce cire hula kawai ya yi ya sake sawa. Na san ranar da aka ba shi ya kai takardun, na san mako biyu zai ci rabin lokacin.

Na tura faifai na farko. Na kama jakar Malama na ja ta zuwa kansa, kamar yadda hoton ya nuna. Wata 'yar takarda ta riƙa tashi daga jaka zuwa jaka a kan allo. Na riƙe faifai na biyu a hannu ina jiran ta ce na farkon ya cika. Ba ta ce ba. Kafin Goggo ta gama ɗaure ɗankwalinta aikin ya ƙare. Na buɗe faifan, ga jakar, ga sunayen nan a jere tun daga na farko har na ƙarshe, babu wanda ya ɓace. Na ji sanyi a raina. Na ɗauka mutumin ya faɗi mafi munin abin da zai iya faruwa ne, kamar yadda masu gyara suke yi.

Na ce wa Goggo, “Ki ce mishi sun shiga duka, a faifai guda.”

Ana kiran azahar lokacin da ta isa zaure, mazan sun miƙe suna neman takalma. Daga baya na san abin da ta faɗa, domin Yaya ya gaya mini. Cewa ta yi, “Tac ce sun shiga.” Ba ta ga amfanin sauran maganar ba. Ko ni da aka tambaye ni a lokacin, ba zan ce adadin yana da muhimmanci ba. Faifai taran da suka rage suna kan gadona a cikin ledarsu, mai gyaran bai gan su ba.

Bayan salla ya aiko yana tambaya ko na gwada. Gwadawa dannawa ɗaya ce. Sifika tana jone, wuta tana nan. Goggo tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ɗiyar tana barci a bayana. Na ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, na dubi sunan farko, na ɗauke. Na ce a ce masa na buɗe na gani, komai yana nan. Ba ƙarya na yi ba, amma ba abin da ya tambaya ke nan ba, kuma na sani.

Takarda ta gaba ta nuna mini yadda zan sa kwamfutar ta nemo abubuwan da suka fi nauyi a cikinta. Ta daɗe tana nema. Da ta gama sai ga sunayen nan dai, amma a wani wuri can ciki da ban taɓa shiga ba. Na ɗauka abu guda take nuna mini ta hanya biyu. Na zaɓe su duka na danna shafewa. Ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, na ce na tabbata. Na je kwandon sharar da ke kan allo na zazzage shi, ta sake tambaya, na sake amsawa. Na cire jakar Malama daga allo don kada akawun ya gan ta. Da na koma wajen da'irar, shuɗin ya koma ƙasa da rabi.

Washegari aka yi abin da mai gyaran ya kira tattarawa. Allon ya cika da ƙananan gidaje masu launi, tana ɗauko su ɗaya ɗaya daga ƙasa tana jerawa a sama. Tun hantsi har la'asar. Sau ɗaya aka ɗauke wuta muka sake daga farko. Goggo ta zauna tana kallo, ta ce ashe ita ma tsintar wake take yi, gara da aka ba ta aikin mata ta san wahala. Da aka gama Yaya ya shigo ya ɗauki akwatin ya kai zaure. Mai gyaran ya kwance shi, ya goge fankar, ya ƙara mata wani ɗan falle na ƙwaƙwalwa da ya zo da shi. Ina ɗaki na ji Yaya yana dariya, abin da ban ji ba tun rasuwar. Goggo ta zo ta ce wai kafin ka zauna ta buɗe. A yammacin aka mayar da ita shago.

Na naɗe faifan a cikin ɗankwali na sa a ƙasan akwatin kayana. Sauran kwanakin takabar suka wuce. Aka kai takardun jarrabawa a kan lokaci, aka samu wani aikin bayansa. Na fita, na yi zagayen gaisuwa, Goggo ta koma Fagada don gyaran gona.

Bayan mako guda na je shagon da rana, lokacin da akawun yake tafiya cin abinci. Na rufe ƙofa rabi, na jona sifika, na tura faifan. Na danna sunan farko. Wata 'yar tocila ta fito a kan allo tana haskawa hagu da dama, da rubutu cewa tana neman abin. Ta gama nema ta ce ba ta samu ba. Na danna na biyu, haka. Na tsallaka tsakiya, na je na ƙarshe. Na ce a raina ramin faifan ne ya lalace, tun da akawun mutum ne mai tura abu da ƙarfi.

Da safe na goya ɗiyar na shiga motar Aliero. Shagon mai gyaran yana bayan rumfunan albasa, ana ta lodin manyan motoci, warin ya cika ko'ina. Ranar na fara ganin fuskarsa. Na zaci saurayi ne, ashe dattijo ne mai furfura a gemu. Na faɗi ko ni wace ce, ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni benci. Ya tura faifan a tasa kwamfutar, ya buɗe, ya matso da fuskarsa kusa da allo. Ya daɗe a haka.

Ya ce, “Malama, faifai nawa kinka cika ran nan?”

Na ce guda.

Ya jingina da kujera. Ya nuna mini da bakin biro wata 'yar kibiya a kusurwar kowane suna, ƙarama ƙwarai. Na sha ganinta, na ɗauka ado ce. Ya ce waɗannan ba muryoyin ba ne, alamu ne masu nuna inda muryoyin suke, kamar allon da ke bakin hanya mai cewa nan ce hanyar Maiyama. Wanda ya tuge allon ya kai gida bai ɗauko garin ba. Ya ce Malam ya ajiye muryoyin a can ciki inda injin yake zuba su, sannan ya riƙa yi mini alama a jakata don kada in sha wahalar nema. Abin da na shafe a ranar shi ne ainihin.

Ya ce da an ce masa guda, da ya tsayar da ni, domin ko gunduwa ɗaya ba za ta shiga faifai irin wannan ba. Ya ce laifinsa ne da bai tambayi adadi ba. Na ce ba laifinsa ba ne. Ya tambaya ko ban saurara ba a lokacin. Na ce ban saurara ba. Bai ƙara tambaya ba.

Ranar kasuwa ya zo Jega da kansa, da wani faifai mai tono abin da aka shafe. Ya zauna a shagon tun safe. Na zauna a waje a kan benci tare da masu jiran takardunsu, Yaya yana ba su haƙuri. Da azahar ya fito ya ce tattarawar da aka yi ta riga ta taka wurin, aikin wata biyu kuma ya hau kai. Ya tono wasu tsofaffin wasiƙu, da rabin jarrabawar lissafi ta aji huɗu. Murya babu, ko ta daƙiƙa ɗaya.

Yaya ne kaɗai na gaya wa cewa na faɗi adadin a saƙon ran nan, a hanya ya faɗi, na kuma roƙe shi kada ya kai wa Goggo. Da ta zo bayan shuka ta tambaye ni yaushe za a kunna mata ta ji ƙaninta, na ce mata faifan bai iya ɗauka ba, ya yi ƙanƙanta. Ta ce ita da ma ba ta yarda mutum zai shiga abu kamar tafin hannu ba. Ta yi masa addu'a, ta tashi ta ɗora tukunya.

Kafin mai gyaran ya hau mashin ɗinsa a ranar, na tambaye shi ko za a iya buga mini sunayen a takarda. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Kwamfutar ta yi shi nan take, shafi huɗu. Malam ne ya buga sunayen da hannunsa, shi ne kaɗai bugun da bai bar mini ba. Na farko-farko daidai suke, mai albasa ɗaya, mai albasa biyu, ta'aziyyar Fagada, neman aikin gadi. Zuwa shafi na uku haruffa sun fara ninkuwa inda yatsansa ya daɗe a kan maɓalli. A shafi na huɗu wasu harafi ɗaya ne kawai da lamba.

Na koma kan bencin, na ari biro a hannun akawun. Na bi sunayen daga sama, duk wanda na iya tuno yadda ya faɗe shi, ba kalmomin kaɗai ba, har da inda ya ja numfashi, sai in sa masa alama a gefe. Na yi ta yi har aka fara rufe shagunan layin. Alama goma sha ɗaya na samu. Na ninke takardun, na mayar wa akawun bironsa, na tafi ɗauko ɗiyar a gidan maƙwabta.